Fagen Kimiyya: Iskar da ake matsewa don ta zama ƙarfe

A wannan mako za mu ɗauko sinadarin da ke kan gaba a jadawalin nan da malaman kemistiri ke sa ku haddacewa tun daga ajin farko na babbar sakandare, wato haidurojin. Ita ce lamba ɗaya. Babu sinadarin da ya kai ta rashin nauyi, babu kuma wanda ya kai ta sauƙin gini: furoton ɗaya a tsakiya, elektiron ɗaya a kewayensa, shi ke nan. Ta fi kowane sinadari yawa a sararin samaniya, ita ce makamashin rana, tana kuma cikin kowane ɗigon ruwan da muka sha yau.

Mutum zai ɗauka cewa abu mai sauƙi haka an daɗe da gama saninsa. To akwai tambaya ɗaya da aka yi tun shekarar 1935, wadda har yau manyan ɗakunan gwaji na Amurka da Faransa da Jamus da Birtaniya da Sin ke ja-in-ja a kanta: idan aka daskarar da haidurojin aka yi ta matse ta, yaushe za ta zama ƙarfe? Abin da muke so mu duba tare da ku shi ne yadda ake neman amsar. Ɗan abin da ake gwajin a kansa bai kai kaurin gashin kai ba, yana kulle tsakanin duwatsu biyu, babu mai iya taɓa shi. Haske kaɗai ake aikawa ya shiga ya fito da labari. Da yake kuma ido na iya ruɗin mai shi, masana kan nemi shaida ta biyu daga bakin 'yar'uwar haidurojin.

'Yan ɗaki ɗaya su uku

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Cavendish ne ya fara bambance wannan iska da sauran iskoki a 1766. Bayansa Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya raɗa mata sunan da muke kiran ta da shi, ma'anarsa “mai haifar da ruwa”, domin in ta ƙone ruwa ne ke fitowa. A 1898 James Dewar ya sanyaya ta a Landan har ta zama ruwa-ruwa, shekara guda bayan haka ya daskarar da ita. Sanyin da ake buƙata ba na wasa ba ne: tana zama ruwa a digiri 253 ƙasa da sifili, tana daskarewa a digiri 259 ƙasa da sifili. Firizar gidanku, in wuta ta zauna, digiri 18 ƙasa da sifili take kaiwa.

A 1931 sai Harold Urey na Jami'ar Kolambiya da ke Niyok, tare da abokan aikinsa biyu, suka gano cewa haidurojin tana da 'yar'uwa. A tsakiyar wannan 'yar'uwa akwai furoton ɗaya da niyutiron ɗaya, don haka nauyinta ya ninka na haidurojin sau biyu. Sunanta diyutariyam. A ruwan teku, cikin kowace ƙwayar haidurojin kimanin 6,400 ana samun diyutariyam ɗaya. Wannan bincike ya sa aka ba Urey kyautar Nobel a 1934. A cikin wannan shekara kuma aka samar da ta ukunsu a Kambirij, wato tiritiyam, mai niyutiron biyu. Ita ba ta da zama, rabinta na lalacewa duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, tana fitar da tururin nukiliya, shi ya sa aikin matsi ya fi karkata ga biyun farko.

Waɗannan su ake kira aisotof a littafinku: 'yan ɗaki ɗaya masu hali ɗaya, nauyi ne kawai ya raba su. Ku riƙe wannan, domin za mu dawo kansa. Ku kuma riƙe cewa ƙwayoyin haidurojin ba sa zama ɗai-ɗai. Bibbiyu suke kama hannun juna kamar tagwaye. Ana iya samun tagwaye na haidurojin zalla, ko na diyutariyam zalla, ko gaurayen ɗaya daga nan ɗaya daga can.

Hasashen 1935

Idan masanin fiziks ya ce ƙarfe, ba lallai yana nufin abin da maƙeri ke bugawa ba. Yana nufin duk abin da elektiron ɗinsa suka saki iyayen gidansu suna yawo ko'ina a cikinsa, shi ya sa wutar lantarki ke bi ta ciki, shi ya sa kuma yake ƙyalli. A daskararriyar haidurojin kuwa kowane elektiron yana tsare wurin tagwayensa, wuta ba ta bi, haske kuma yana ratsa ta kamar ƙanƙara.

Eugene Wigner da Hillard Huntington su ne suka yi lissafi a 1935 suka ce idan aka cusa tagwayen nan kusa da juna sosai, ɗaurin da ke tsakaninsu zai kwance, elektiron su bazu, haidurojin ta koma ƙarfe. Sun ƙiyasta cewa matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu sau 250,000 zai iya isa. An daɗe da wuce wannan adadi. An ninka shi fiye da sau goma sha biyar, ana nan ana fama. Tunaninsu ya tsaya da ƙafarsa, adadin ne ya gaza nesa ba kusa ba.

Wane irin matsi ake magana?

Kun san ƙa'idar: matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka. Telan da ke Ƙofar Sauri ya san wannan ko bai shiga ajin fiziks ba. In ya danna yadi da yatsa ba abin da zai faru, in ya danna allura da ƙarfin nan dai sai ta huda, saboda duk ƙarfin ya taru a kan ɗan tsini.

Bari mu hau tsani daga ƙasa. Iskar da ke kanmu tana danna kowane wuri mai faɗin farcen babban yatsa da nauyin da ya kai kusan kilo ɗaya. Wannan shi ne awo ɗaya. Mai facin taya yana ɗura wa tayar ƙaramar mota ƙarin awo biyu da ɗan wani abu. Da za a haƙa rijiya mai zurfin tsawon Hasumiyar Gobarau, kimanin mita 15, a cika ta da ruwa, wanda ya nutsa ƙasanta zai ji ƙarin awo ɗaya da rabi. Wuri mafi zurfi a tekun duniya, ramin Mariyana da ke tekun Fasifik, yana da awo sama da 1,000.

Daga nan sai a canza mudu. Masana suna amfani da gigafaskal, kuma gigafaskal ɗaya kimanin awo 10,000 ne. Hasashen Wigner da Huntington gigafaskal 25 ke nan. A can tsakiyar ƙasar da muke takawa, matsin ya kai kimanin gigafaskal 360. Masu neman ƙarfen haidurojin sun haura 400, a cikin na'urar da mutum zai iya ɗauka a tafin hannunsa.

Maƙera ta daimon

Na'urar an ƙirƙiro ta ne a hukumar awo ta Amurka a ƙarshen shekarun 1950. Ana samun daimon biyu, a feƙe kan kowanne ya yi tsini, a shafe ƙarshen tsinin ya yi lebur, sannan a sa su fuska da fuska. A tsakaninsu akwai ɗan fallen ƙarfe mai suna riniyam da aka huda wa ƙaramin rami, a ramin nan ake ɗura haidurojin. Sai a riƙa ɗaure kusoshi a hankali, ko a tura da iskar gas, duwatsun na matsowa. Don a kai matsi mafi girma, faɗin bakin tsinin kan zama kamar maikiron 30, alhali gashin kai kan kai kamar maikiron 70.

Dalili biyu ya sa aka zaɓi daimon. Babu dutsen da ya kai shi tauri, kuma garau yake, haske na ratsa shi. Shi ne guduma, shi ne uwar maƙera, shi ne kuma tagar leƙe. Amma haidurojin muguwar baƙuwa ce. Saboda ƙanƙantarta takan kutsa cikin jikin daimon ɗin ta sa ya tsage, sai ka ji ƙas, aikin watanni ya tashi a banza. Shi ya sa ake yawan yin gwajin cikin tsananin sanyi, wasu kuma su shafa wa dutsen wani siririn rufi.

Da wannan na'ura Ho-kwang Mao da Peter Bell na Cibiyar Kanegi da ke Washintan suka nuna a 1979 cewa ba sai da sanyi ba, matsi kaɗai yana daskarar da haidurojin a zafin ɗaki, in ya haura gigafaskal 5 da ɗoriya.

Yadda haske ke kawo labari

Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa yakan ƙwanƙwasa ta ya saurara. In ta yi ƙara garau ya san lafiyarta lau, in ta yi dum ya san da tsaga, ko da idonsa bai gan ta ba. Ilimin tantance haske, wanda littafinku ke kira sifektiroskofi, irin wannan ƙwanƙwasa ce, sai dai da haske ake yin ta.

Farin haske gaurayen launuka ne, bakan gizo ya nuna mana haka. Kowane sinadari yana da launukan da yake fitarwa ko yake haɗiyewa, nasa shi kaɗai, kamar zanen yatsa. In aka kunna haidurojin a cikin bututun gilashi aka warware haskenta, layuka huɗu ake gani da ido: ja ɗaya, shuɗi mai ratsin kore ɗaya, da biyu masu launin shuni. Wani malamin makaranta a ƙasar Suwizalan, Johann Balmer, shi ya gano lissafin da ke haɗa su a 1885. Ta wannan hanya Urey ya kama diyutariyam: ya ga wani dishi-dishin layi a gefen kowane layin haidurojin, a daidai inda lissafi ya ce mai ninkin nauyi za ta bayyana.

Hanyar da aka fi amfani da ita a maƙerar daimon kuwa daga Indiya ta fito. A ranar 28 ga Fabrairu, 1928, C. V. Raman da ɗalibinsa K. S. Krishnan suka tabbatar a birnin Kalkata cewa idan haske mai launi ɗaya ya bugi abu, wani ɗan ƙanƙanin kaso na hasken yakan dawo da launinsa a sauye. Abin da ya ragu daga ƙarfin hasken shi ne abin da ƙwayoyin suka karɓa suka yi rawa da shi. An ba Raman kyautar Nobel a 1930, kuma har yau Indiya na bikin ranar kimiyya ta ƙasa a wannan rana. Da hasken rana da gilasai masu tace launi suka fara aikin, ba da wata na'ura mai tsadar gaske ba.

To tagwayen haidurojin kullum cikin rawa suke, suna matsowa suna ja da baya kamar an haɗa su da roba. Wannan rawa tana da nata sauti, in muka ari kalmar makaɗa. Ana harba hasken leza ta cikin daimon, a auna launin da ya dawo, a san ko sautin ya hau ko ya sauka. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, kafin a matsa, tagwayen haidurojin suna kan 4,160, gauraye suna kan 3,630, na diyutariyam kuma 2,990. Mai nauyi ta fi kaurin murya, kamar yadda tsirkiya mai kauri ta fi siririya zurfin amo. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ake aika hasken infared, wanda ido ba ya gani amma fata na jin ɗuminsa, a duba wane kaso ne ya wuce, wane ne aka haɗiye. Hatta matsin kansa da haske ake auna shi: ana jefa ɗan ƙurar jan yaƙutu a ramin a duba yadda launinsa ke gusawa, in matsi ya yi yawa kuma a koma duba sautin daimon ɗin.

Abin da aka ji da aka matsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗin mahauta ya ga yadda kalangu ke magana. In ya matse tsirkiyoyin a hammata fata ta ɗaure, sauti ya hau. Haka haidurojin ta yi da farko: ana matsawa, sautin tagwaye na hawa. Amma da aka kai tsakanin gigafaskal 30 da 40, sai ya tsaya, sannan ya fara sauka. Ku ɗauka makaɗi na ƙara matse kalangu amma amo na yin ƙasa. Kowa zai ce wani abu na kwancewa a ciki. Haka masana suka karanta: maƙwabta sun matso kusa har sun fara janye hankalin tagwayen daga juna, ɗauri ya fara sassautawa.

A 1988 Russell Hemley da Mao suka ga wani abin da ya fi wannan. A wajen gigafaskal 150, cikin sanyi, sautin ya yi tsalle ƙasa lokaci guda. Irin wannan tsalle yana nufin ƙwayoyin sun canza jeri gaba ɗaya, kamar ɗalibai a filin taro a ce su tashi daga layi-layi su koma da'ira. Kowane irin jeri ana ba shi lamba. Wannan shi ne jeri na uku. A 2011 da 2012 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Mainz ta Jamus ƙarƙashin Mikhail Eremets, ɗaya a Edinbara ta Sikotilan ƙarƙashin Eugene Gregoryanz, suka ga alamun jeri na huɗu a zafin ɗaki, a wajen gigafaskal 220. A nan sauti biyu aka ji a tare, alamar cewa akwai tagwaye iri biyu a shimfiɗe hawa-hawa, wasu da ɗauri mai ƙarfi, wasu da mai rauni. A 2016 mutanen Edinbara suka ba da rahoton jeri na biyar sama da gigafaskal 325. Da ido ma ana ganin sauyi: abin da ya fara garau kamar ƙanƙara yakan yi duhu, har ya zama baƙi in an haura 300.

Ina amfanin diyutariyam a duk wannan? Ku tuna mun ce hali ɗaya gare su, nauyi ne kawai ya bambanta. Saboda haka in aka ga wani sabon layi a gwajin haidurojin, sai a sake gwajin da diyutariyam. In layin ya gusa gwargwadon yadda nauyi ya ce ya gusa, an san daga tagwayen ya fito. In ya tsaya inda yake, to daga dutse ne ko datti ko na'ura. Shaida ce da ba a iya haɗa baki da ita.

Akwai kuma wani sirri da sai da ita ake gane shi. Ƙananan abubuwa irin waɗannan suna bin dokokin kwantam, kuma ɗaya daga cikin dokokin ita ce ba sa taɓa natsuwa ɗungurungum, ko da an kai su ƙarshen sanyi. Gwargwadon rashin nauyin abu, gwargwadon rashin natsuwarsa. A jeri na ɗaya tagwayen suna ta juyawa a wurinsu kamar katantanwa, sai an matse su sannan su tsaya su fuskanci gefe guda, wanda shi ne jeri na biyu. A 1981 Isaac Silvera da abokin aikinsa suka ga diyutariyam ta tsaya a wajen gigafaskal 28. Da aka auna haidurojin a 1990, sai da aka kai ta wajen 110. Da a ce lantarki kaɗai ke aiki, da a wuri ɗaya za su tsaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce awon wannan rashin natsuwa, kuma duk lissafin kwamfutar da ya kasa fitar da ita ba za a yarda da hasashensa kan ƙarfe ba.

Wa ya ga ƙarfen?

A 1996 William Nellis da abokansa a ɗakin gwaji na Libamo da ke Kalifoniya suka harba wani faifai da wata babbar bindiga ya bugi haidurojin mai ruwa-ruwa. Na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, a gigafaskal 140 da zafin digiri kusan 3,000, ta bar wuta ta bi ta cikinta kamar ƙarfe. Wannan narkakken ƙarfe ne. Daskararre shi ake nema har yanzu.

A watan Janairun 2017 Ranga Dias da Silvera na Jami'ar Habad suka sanar a mujallar Science cewa sun same shi a gigafaskal 495. Hujjarsu ita ce abin ya tashi daga baƙi ya koma mai ƙyalli. Labari ya zaga duniya. Sauran masana suka yi tambayoyi: yaya aka auna matsin? Ƙyallin daga haidurojin yake, ko daga rufin da aka shafa wa dutsen, ko daga fallen riniyam? Kafin a amsa, a watan Fabrairu daimon ɗin ya fashe, ɗan abin ya ɓace. Gwaji ɗaya ne tak, kuma babu wani ɗakin gwaji da ya maimaita shi ya ga abin da suka gani. Daga baya, a wani aikin daban kan wasu sinadarai, mujallar Nature ta janye rahotanni biyu na Dias a 2022 da 2023, binciken da Jami'ar Rochesta ta sa aka yi kuma ya same shi da laifin murɗa bayanai.

Ku kwatanta da Faransawa uku, Paul Loubeyre da Florent Occelli da Paul Dumas. Sun sassaƙa wa bakin daimon ɗinsu wani ɗan kwari a kewaye don ya ƙara juriya, suka kai na'urar cibiyar SOLEIL da ke kusa da Faris, inda ake samun hasken infared mai ƙarfi. Suna ƙara matsi suna auna hasken da ke wucewa, mataki-mataki. A wajen gigafaskal 425 hasken ya ɗauke ɗif, kamar yadda ake sa ran ƙarfe zai tare shi. Da suka sassauta matsin, sai hasken ya dawo, wanda ya nuna haidurojin ɗin tana nan ba ta tsere ba. Duk da haka, da suka buga rahotonsu a Nature a Janairun 2020, a kan taken ma sun sa kalmar da ke nufin “mai yiwuwa”, domin ba su saka waya sun auna wucewar lantarki kai tsaye ba. Sannan suka koma suka kira shaida ta biyu. A 2022 suka kai diyutariyam har gigafaskal 460, suka ga tana bin sawun 'yar'uwarta amma tana baya, tana neman ƙarin matsi.

Wannan shi ne darasin da muke so ku ɗauka zuwa ɗakin gwajin makarantarku, da kuma kan wayoyinku inda kullum ake turo labarin an gano kaza an ƙirƙiro kaza. Gani ya kori ji, haka ne, amma a kimiyya ganin mutum ɗaya sau ɗaya bai isa ba. Ku riƙa tambaya: da me aka auna, an sake an ga haka, wani daban ya gwada? Haka nan in malam ya ba ku gwajin awon asid kuka sami adadin da bai yi daidai da na allo ba, ku rubuta abin da kuka gani, ku sake gwajin. Ɗalibin da ya saba gyara adadi don ya yi kyau a ajin sakandare, da wannan hannun zai girma.

Ina ruwanmu?

Na farko, sama. Duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jufita, galibinta haidurojin ce, kuma masana sun yi ittifaƙin cewa a cikinta akwai tekun narkakken ƙarfen haidurojin wanda ke haifar da ƙaƙƙarfan maganaɗisunta. Kumbon Juno na Amurka ya isa can a Yulin 2016 don ya auna wannan. Ba a iya fassara abin da ya aiko sai da sanin halin haidurojin a ƙarƙashin matsi.

Na biyu, wutar lantarki. Duk wayar da ke ɗauko wuta zuwa Katsina tana cin wani kaso a hanya, ya tafi a zafi. Ku taɓa cajar waya bayan awa ɗaya za ku ji shi. Tun 1911 aka san cewa wasu ƙarafa, in an sanyaya su matuƙa, suna barin wuta ta wuce ba tare da asarar komai ba. Da irinsu ake yin maganaɗisun na'urar MRI ta asibiti, kuma sanyayawar na daga cikin abin da ke sa ta tsada. A 1968 Neil Ashcroft na Jami'ar Konel ya yi hasashen cewa ƙarfen haidurojin zai iya yin wannan aiki ba tare da tsananin sanyi ba. Wannan tunani ya sa aka gwada sinadarai masu ɗauke da haidurojin da yawa. A 2015 mutanen Mainz suka matse iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai zuwa gigafaskal 155, ta bar wuta ta wuce babu asara a digiri 70 ƙasa da sifili. Da suka musanya haidurojin ɗinta da diyutariyam, sai da aka ƙara sanyi kafin ta yi, daidai yadda lissafi ya ce, wannan kuma na cikin abin da ya sa aka gaskata su. A 2019 aka kai digiri 23 ƙasa da sifili da wani haɗin na lantanam, dab da sanyin firiza. Kada dai a ruɗe ku: duk wannan a cikin ɗigon da ke tsakanin daimon biyu ne, babu wanda ya ja waya da shi ko taku ɗaya.

Na uku, ku kanku. Tantance haske ba na masu neman ƙarfen haidurojin kaɗai ba ne. Da shi ake gane jabun magani, da gubar dalma a ruwan rijiya, da sinadaran da ke cikin ƙasar noma. Reshen kemistiri da ke wannan aiki shi marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi digirinsa na biyu a kai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kuma koyar da kemistiri kafin ya shiga siyasa. Jami'ar da ke ɗauke da sunansa a nan Katsina tana da sashen fiziks da na kemistiri. Ɗalibar da ta tashi daga Ƙofar Sauri ta fahimci matsi da haske da aisotof a aji biyu, ta riga ta riƙe kan zaren.

Aikin gida

Ku sami kwalin sabulu ko na takalmi da tsohon faifan CD. Ku yanka siririyar tsaga a gefe ɗaya na kwalin, ku soka faifan a karkace a ɗaya gefen, fuskarsa mai ƙyalli na kallon tsagar, sannan ku huda ramin leƙe a saman faifan. Ku nuna tsagar ga hasken kyandir, sannan ga doguwar fitilar nan fara ko ƙwai mai murɗaɗɗen gilashi. A kyandir za ku ga launuka a jere babu yankewa. A fitilar za ku ga layuka masu haske a rarrabe, daga zaiba da hodar da ke cikin gilashin. Kada ku kuskura ku nuna shi ga rana ko wutar mai walda, ido ba shi da na canji.

Ga lissafi biyu. Na ɗaya: buhun siminti kilo 50 ne, wato ƙarfin niyutan 500. A takarda, in duk nauyinsa ya sauka a kan da'ira mai faɗin maikiron 30 daga gefe zuwa gefe, gigafaskal nawa ke nan? Ku kwatanta da na tsakiyar ƙasa. Na biyu: ku raba 4,160 da 2,990, sannan ku nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2. Me kuka lura, kuma me ya haɗa shi da nauyin diyutariyam?

Ku kai wa malaminku na fiziks amsoshin ya duba, ku kuma aiko mana da zanen abin da kuka gani a cikin kwalin, da sunan makarantarku da ajinku. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.